Wasiƙa Daga Ingila: Ƙararrawar Turawa Da Kasuwar Shisanhang

Ina fata Baba da Inna da sauran 'yan gida kowa na lafiya. Mu nan sai sanyi da karatu.

Yaya ne ya jawo wannan wasiƙa. Da muka yi waya ya ce mini ya sake zuwa Guangzhou saro kaya, kuma a Shisanhang ya yi lodin riguna. Na tambaye shi ko ya san ma'anar sunan, ya ce shi dai farashi ya sani. To Yaya, ga abin da na gano, amma ka yi haƙuri mu fara daga nan unguwarmu.

Kusa da ɗakina akwai wani tsohon coci mai hasumiya. Duk daren Talata sai a yi ta kaɗa ƙararrawa, ita ba waƙa ba, ba kuma hayaniya ba. Wani dattijo maƙwabcina yana cikin masu kaɗawa, sai ya gayyace ni in hau in gani. Inna, ki kwantar da hankalinki, neman sani ya kai ni, kuma sallata tana nan.

Na tarar da mutum shida a tsaye, kowa da igiyarsa. Suna farawa daga ƙaramar ƙararrawa zuwa babba: 1 2 3 4 5 6. Sai su sauya jeri: 2 1 4 3 6 5, sannan 2 4 1 6 3 5. Doka biyu ce. Ƙararrawa ba ta matsawa fiye da gurbi ɗaya a sauyi guda, domin tana da nauyi, kuma juyawa take yi gaba ɗaya kafin ta yi ƙara. Sannan ba a maimaita jerin da ya wuce. Babu mai riƙe da takarda, duk da ka ake yi. Ƙararrawa shida na ba da jeri 720, bakwai kuwa 5,040, aikin kimanin awa uku ba hutu. A ƙarni na 17 aka ƙago abin a Ingila. Wani maɗabi'in littattafai, Fabian Stedman, ya fitar da littafi a kansa a 1677, kuma a 1715 mutanen Norwich suka kaɗa jeri 5,040 a tashi ɗaya. Dattijon ya sa na kama igiya, an ɗaure harshen ƙararrawar don kada in tada gari. Minti goma tafin hannuna ya yi ja. Ya ce sai na yi watanni kafin a bar ni ni kaɗai.

To me ya haɗa wannan da kasuwar Yaya? Turawan Ingila na wancan zamani sun kamu da son ƙararrawa, har suka riƙa jera ƙanana a cikin agogo, da 'yan gudumomi masu bugunsu idan awa ta cika. Babbar kasuwar irin wannan agogo kuwa ita ce Shisanhang.

Ma'anar sunan ita ce "gidajen ciniki goma sha uku". A 1757 Sarki Qianlong ya ce duk jiragen Turawa su tsaya a Guangzhou kawai. Aka ware musu 'yar unguwa a bakin kogi, a bayan ganuwa. Ba su shiga gari, ba su zuwa da matansu, ba su ciniki da kowa sai 'yan kasuwar da hukuma ta amince da su. Turawa na son ganyen shayi da siliki da tangaran, Sinawa kuwa azurfa suke karɓa, don ba su ga abin sha'awa a yawancin kayan Turawa ba. Agogo na cikin 'yan abubuwan da suka shiga ransu, tun 1601 da Matteo Ricci ya kai wa Sarki Wanli kyautarsa a Beijing. Suka sa masa suna zimingzhong, wato ƙararrawa mai kaɗa kanta. Manyan jami'ai na Guangzhou suka riƙa saye don kai gaisuwa fada. Wani ɗan kasuwar Landan, James Cox, ya yi ta aikawa da su har kaya ya yi yawa, bashi ya maƙale, ya karye a 1778.

Ga wurin da nake so Yaya ya lura. Maƙeran Guangzhou ba su tsaya a saye da sayarwa ba. Sun buɗe agogunan, sun duba cikinsu, kafin ƙarni na 18 ya ƙare suna ƙera nasu a farashi mai sauƙi, har ana kai wa fada. Daga baya cinikin ƙwayar ofiyom ya jawo yaƙin 1839 zuwa 1842, yarjejeniyar Nanjing ta buɗe wasu tashoshin. A 1856 wuta ta cinye gidajen cinikin, ba a sake gina su ba, sai suna ya rage a titin da Yaya yake lodin riguna. Agogunan kuwa suna nan a gidan tarihin fadar Beijing. A 2024 aka aro fiye da 20 aka nuna su a Landan, garin da aka ƙera da yawa daga cikinsu.

Mu fa? Kantin Kwari cike yake da atamfar Sin, alhali yawancin masaƙun Kano da Kaduna sun rufe. Shekara nawa muna zuwa Guangzhou, amma mu nawa ne muka nemi a buɗe mana cikin injin mu gani? Su ma Turawa abin bai bar su ba: maƙerar Whitechapel da ta ƙera ƙararrawar Big Ben ta rufe a 2017. Kaɗawar ce ba ta mutu ba, domin duk Talata akwai dattijon da ke tsayawa ya kama hannun sabon shiga. Da koyo akan iya.

Saboda haka Yaya, in za ka koma, don Allah ka tafi da babban ɗanka, tunda ya gama sakandare. Ka roƙi mai ba ka kaya ya kai shi wurin da ake ɗinkin, ko na mako biyu ne. Zan sa hannu a kuɗin jirgin daga ɗan abin da nake samu.

A gaida Kawu da Gwaggo. A ci gaba da sa ni a addu'a, don rubutun kundina ya zo wuya. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.