Ruwan Wace Rijiya? Nazarin Yadda Ƴan Fada ke Ɗanɗana Shayi su Yanke masa Hukunci a Filinge da Tondikandiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mazauna fada, wato majalisar hira ta maza, a garin Filinge da ƙauyukan Tondikandiya, cikin jihar Tilaberi ta Nijar, suke gwada shayi da shayi su fifita wani a kan wani. Ana yawan ɗaukar shayin fada a matsayin abin kashe lokaci na samarin da ba su da aikin yi. Binciken ya nuna akwai ilimin ɗanɗano mai ƙa'ida a wurin, kuma abin da masu wannan ilimi suka fi dogara da shi wajen hukunci shi ne ruwan da aka dafa shayin da shi, kafin a zo batun ganye.

Gabatarwa

A ƙasar Sukotland doka ba ta yarda a kira barasa da sunan wiski ba sai ta shekara 3 cikin gangar katako. A kan wannan abin sha Turawa suka gina sana'ar ɗanɗano sukutum: a 1979 wata cibiyar bincike mai suna Pentlands ta fitar da jadawalin kalmomin da ake siffanta ƙamshinsa da su, masu sha'awa kuma suna jera kwalabe suna gwadawa suna rubuta abin da harshe ya gaya musu. Musulmin Kurfai, wato ƙasar Filinge, ba ruwansa da wiski. Na kawo misalin ne don a ga bambancin yadda masana ke kallon mutane: wanda ya zauna yana kwatanta barasa a Edinbara sunansa gwani, wanda ya zauna yana kwatanta shayi a Damana ta Tondikandiya sunansa mai zaman kashe wando. Tambayar wannan bincike ita ce ko abin da na biyun yake yi yana da tsarin da za a iya bi a bayyana.

Waiwayen ayyukan da suka gabata

Tarihin shigowar shayi ba wurin gardama ba ne. Koren ganyen Sin ya bazu a Maroko cikin ƙarni na 19, ya ratso Sahara a hannun Larabawa da Abzinawa. A kwarin Dallol Bosso, inda Filinge take, Abzinawan Imanan da Tagazar sun daɗe suna maƙwabtaka da Kurfayawa da Zabarmawan Tondikandiya, don haka butar shayi ba baƙuwa ba ce a yankin.

Inda nake da ja shi ne aikin Adeline Masquelier ta Jami'ar Tulane, wadda ta yi shekaru tana bincike a Dogondutsi. A maƙalarta ta 2013 cikin mujallar Africa, da littafinta na 2019 kan fada, ta nuna cewa dahuwar shayi sau uku hanya ce da samari marasa aiki ke bi su yanka doguwar rana gida-gida, su mayar da jira abu mai fasali. Hujjarta tana da ƙarfi, kuma ta wanke samarin daga zargin lalaci fiye da kowa. Amma a wannan kallo shayin ya zama agogo. Abin da ke cikin finjalin bai dame ta sosai ba, muddin ana ɗaukar lokaci wajen dafa shi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake mayar wa mai dahuwa finjali ba a shanye ba, ko yadda ake karɓe buta daga hannun wanda ya ƙona na farko, ya san mutanen nan ba lokaci kaɗai suke kashewa ba. Su ma masu bin sawun Pierre Bourdieu, wanda littafinsa na 1979 ya ɗaure ɗanɗano da matsayin mutum a cikin al'umma, ba su da abin cewa da yawa a nan: mai kuɗi da talaka a Filinge ganye iri ɗaya suke saye a kanti ɗaya, amma shayinsu yakan bambanta, kuma ba lallai na mai kuɗin ya yi nasara ba.

Hanyar bincike

Na zauna a fadoji daban-daban a Filinge da Damana da wasu ƙauyuka na kusa, a rani da kuma bayan damina. Na saurari hukuncin da ake yankewa ba tare da na tambaya ba, daga baya na nemi masu dahuwar da jama'a suka yarda da hannunsu su yi mini bayani. A wasu zaman an ɗora butoci biyu da ganye ɗaya da sukari daidai, aka bambanta ruwa kawai, masu sha ba su san wanne ne wanne ba.

Sakamako

Abu na farko a taƙaice: hukuncin yana da matakai. Ana duba launi a cikin finjali, a duba kumfa ko ta tsaya ko ta kwanta da wuri, sannan a kurɓa. Ba a haɗa ɗaci da bauri. Ɗaci abin nema ne a na farko, baurin da ke kama dasashi kuwa laifi ne idan ya wuce kima. Ƙauri laifin wuta ne, lami laifin rowar ganye. Kowane zagaye da ma'auninsa, ba a tuhumar na uku da rashin ƙarfi. Kimiyya ta goyi bayan wannan rabo, domin sinadarin kafin da yawancin masu sa bauri suna fita ne a tafasar farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ruwa. Idan shayi ya ɓaci, tambayar farko da ake yi wa mai dahuwa ita ce, «Ina ka ɗebo ruwan nan?» Sai an wanke ruwa daga zargi ake waiwayar ganye, duk da cewa ganyen ma iri-iri ne: akwai mai murɗaɗɗen tsawo da ƴan kasuwar Sin ke sa wa lambobi irin 41022 da 9371, akwai dunƙulalle mai lamba 3505.

Dalilin wannan fifiko yana ƙarƙashin ƙasa. Dallol Bosso tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe, ruwansa yana kusa, taku kaɗan ake haƙawa a tarar da shi. Ruwan da ke kusa haka rana tana tsotsarsa, gishiri da kanwa suna taruwa, shi ya sa wasu rijiyoyin kwarin ke da zartsi, kuma can kudu a Boboye har sana'ar kanwa ake yi. A kan tudu kuwa rijiya tana da zurfi ƙwarai, ruwanta ba shi da yawan ma'adinai. Ƙauye ɗaya yana iya samun iri biyun, ga kuma na burtsatse, ga na leda da ake saye. Ƴan fada sun san waɗannan ruwaye ɗaya bayan ɗaya. Sun ce ruwan zartsi yana sa shayi ya yi duhu da wuri, ya kashe ƙamshi, ya bar wata yana a saman finjali. Sun ce ruwan tudu yana fito da launi garau da ɗaci mai tsabta, amma yana tona asirin ganye mara kyau. A gwajin butoci biyu, tsofaffin hannu ba su cika kuskuren gane na zartsi ba, wasunsu har sukan ambaci unguwar da rijiyar take.

Wannan ba camfi ba ne. A 1993 Michael Spiro da Deogratius Jaganyi sun nuna a mujallar Nature cewa yanar da ke taruwa a saman shayi tana samuwa ne daga haɗuwar sinadaran ganyen da ma'adinan alli da ke cikin ruwa. An kuma san ruwa mai kanwa yana saurin duhunta koren shayi, haka ma mai ƙarfe a ciki. Hatta masu wiskin da na faro da su sun isa nan: a 2017 Björn Karlsson da Ran Friedman na Jami'ar Linnaeus a Suwidin sun bayyana yadda ƙarin ruwa ke tura sinadarin ƙamshi zuwa saman kofi. Abin da aka buga musu a mujalla aka yaba, irinsa ne mai dahuwa a Damana ke aiki da shi kullum ba wanda ya rubuta.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda ban yi tsammani ba. Gwanaye ba sa tsayawa a kan gane ruwa, suna sauya dahuwa don su bi da shi. Mai ruwan zartsi yakan rage tsawon tafasar farko, ya ƙara na'ana'a ko kanumfari tun a na biyu. Mai ruwan tudu yakan bar ganye ya daɗe a wuta, ya jinkirta kayan ƙamshi. Wasu fadojin sukan aiki yaro ya wuce rijiyar ƙofar gida ya tafi wata mai nisa, saboda shayi kawai, alhali da ta kusa ake tuwo. A nan ne ma'aunin duniya na ISO 3103, wanda aka kafa a 1980, ya gaza: a wancan lokaci ya ce a zuba giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa a jira minti 6. An yi shi ne don a auna ganye shi kaɗai. Fada kuwa hannun mutum take aunawa, wato yadda ya sasanta ganyen da ya samu da ruwan da Allah ya hore wa garinsu.

Iyakokin bincike

Dole a ambaci wasu giɓi, ko da yake ba su rushe komai ba. Ba a kai ruwan rijiyoyin ɗakin gwaji ba, bayanin ma'adinai ya dogara ne da abin da aka riga aka sani game da kwarin. Sukarin da ake zubawa yana da yawa, mai suka zai ce yana rufe bambanci, sai dai masu sha sun gane bambancin duk da sukarin. Matsalar tsaro da takunkumin babura a jihar Tilaberi sun hana ni isa ƙauyukan arewa wajen Abala. Fada kuma zaman maza ce, matan da ke ɗebo yawancin ruwan nan, waɗanda watakila sun fi kowa sanin halin kowace rijiya, ba su shiga cikin waɗanda na saurara ba.