Batir da Inbata: Daga Jiragen Binuwai Zuwa Shagunan Mubi

Batirin jirgin ruwa mai inji, irin waɗanda ake gani a Kogin Binuwai a Yola da Numan, yana ajiye wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda take gudana ta fuska ɗaya. Muddin inji yana aiki, na'urar cajin da ke jikinsa tana cika batirin da kimanin bolt 14.

Amma firji da fankar gida suna bukatar bolt 230 mai kai-komo sau 50 cikin daƙiƙa, irin wutar gari. Inbata ce take yin wannan sauyi.

Da wannan tsari masu shaguna a Mubi suke aiki, sai dai farantin sola ne yake maye gurbin inji. Batir mai ruwan asid yakan mutu da wuri idan ana yawan zuƙe fiye da rabin cajinsa.