Ɗan Aiken da ke Tsakanin Shafi da Rumbun Bayanai

Ɗalibin da ya shiga shagon kwamfuta a Gwarzo don duba sakamakon jarrabawarsa, abin da idonsa ke gani kaɗan ne: gurbin rubuta lamba, wurin dannawa, sai wata 'yar da'ira da ke juyawa tana nuna a dakata. Sakamakon kansa yana can a wata na'ura mai nisa, cikin rumbun bayanai, tare da na dubban ɗaruruwan ɗalibai. A 'yan daƙiƙun da da'irar ke juyawa, saƙo ne ya tafi ya tambayi rumbun, ya komo da amsa. An ɗauki shekaru kafin shafi mai motsi ya iya wannan aike, kuma tarihinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Rumbun ya girmi shafin. A 1970 Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya kawo tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, wanda daga gare shi harshen tambaya na SQL ya fito. Shafukan yanar gizo kuwa sai 1991 suka bayyana ga jama'a, ta hannun Tim Berners-Lee. Na farkonsu tamkar takarda suke a manne jikin bango: ka karanta, ka wuce. Zuwa 1995, da fitowar PHP da MySQL, shafi ya fara iya tambayar rumbu cikin sauƙi. Sai dai kowace tambaya sai an share shafin gaba ɗaya an sake loda shi, ga layin intanet na wancan zamani mai tafiyar hawainiya.

Motsi ya shigo ta wata ƙofa dabam. A 1996 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fitar da manhajar zane mai motsi da ake kira FutureSplash. A ƙarshen shekarar Macromedia ya saye ta, ya raɗa mata suna Flash. Da fari ado ce kawai, tana rawa tana kiɗa amma ba ta san sunan kowa ba. A 1999 ta fara karɓo bayanai daga waje, a 2000 ta sami harshen ActionScript, sannan a 2002 aka fito da Flash Remoting, hanyar da shafi zai aika tambaya ya karɓi amsa ba tare da fuskarsa ta ɓace ba.

Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki suka riƙe tun lokacin. Ba a barin shafin ya taɓa rumbun kai tsaye. Dalili kuwa, fayil ɗin Flash yana sauka ne a kwamfutar mai ziyara. In aka saka kalmar sirrin rumbun a cikinsa, an miƙa wa kowane baƙo makulli ke nan. Saboda haka sai a ajiye wani shiri a tsakani, a kan babbar na'urar da ke ɗauke da shafin. Shi ne ɗan aike: ya karɓi buƙata, ya tantance mai ita, ya ɗebo daidai abin da aka nema. Duk magidancin da ya taɓa ajiye dawa a Kabo ya san hikimar. Maƙwabci kan roƙi tiya guda a ƙofar gida, amma ɗan gida ne ke shiga rumbu ya auno.

A kan wannan tsari Flash ta yi zamaninta. Adobe ya sayi Macromedia a 2005 kan kuɗi kusan dala biliyan 3.4. YouTube da ita ya fara nuna bidiyo, kuma wasan noma na FarmVille da ya mamaye Facebook a 2009 da ita aka zana shi, gonar kowane ɗan wasa tana ajiye a rumbu. Amma kishiya ta riga ta iso. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 sun nuna cewa burauza da kanta za ta iya aiken, ba sai an ɗora mata wata manhaja ba. Wayar iPhone ta fito a 2007 babu Flash, a Afrilun 2010 kuma Steve Jobs ya wallafa wasiƙar da ya soke ta kan rauninta wajen tsaro da cin batir. Adobe ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba, 2020.

Mu da akasarinmu ta waya muka san intanet, bayan zuwan GSM a 2001, Flash ba ta daɗe a hannunmu ba. Afirka ta Kudu ce ta ɗanɗana kuɗarta. A Janairun 2021 hukumar tattara harajin ƙasar ta tarar da wasu fom-fom ɗinta sun daina buɗewa domin da Flash aka gina su, har ta kai ga fitar da burauzarta ta musamman. Bayanan jama'a na nan lafiya, ƙofar isa gare su ce ta rufe.

Namu darasin ya zo ranar 25 ga Fabrairu, 2023. A mazaɓar tarayya ta Gwarzo da Kabo, kamar ko'ina a Najeriya, an tsara a ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, a tura zuwa shafin IReV na hukumar zaɓe don kowa ya gani. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi har dare. A rahoton da ta fitar daga baya, INEC ta ce an jera rumbun ne jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, don haka shirin ya rasa gurbin da zai ajiye shi. Wasu sun gamsu da bayanin, wasu har yau ba su yarda ba. Ko ma mene ne, 'yan sa'o'in da ɗan aiken ya tsaya sun ci amanar da za a daɗe ba a maido ba.

Don haka idan makaranta ko ƙaramar hukuma za ta ba da kwangilar shafin intanet, kada kyan launi da motsi su ɗauke hankalin masu sa hannu. A tambayi mai aikin: ina bayanan za su zauna, wa ke riƙe da makullinsu, kuma ranar da wannan fuska ta tsufa kamar yadda Flash ta tsufa, za a iya kwashe su a kai wani gida?