Liyari: Kuɗin da shekararsa ta tsaya a 1780

Idan aka zo rabon gado a tsofaffin gidajen Zariya, a Hanwa ne ko a Sabon Gari, akan tsinci wata faffaɗar tsabar azurfa a ƙasan akwatin tsohuwa. Fuska ɗaya mace ce mai lulluɓi, ɗayar gaggafa mai kai biyu, ga kuma shekara: 1780. Nan take magada kan ɗauka sun dace da kayan tarihi na sama da shekara 240. Galibi ba haka ba ne.

Liyari ke nan, dalar Mariya Taresa, sarauniyar da ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. Masu nazarin tsabar tagulla ta Girkawan dā kan sha wuya saboda yawancinta ba ta da shekara, sai kan gunki da haruffan sunan birni. Liyari kuwa yana da ita, amma ita ce ke ruɗin mutum.

Fatake ne sanadi. Daga Yaman zuwa Habasha, daga Tarabulus zuwa Kukawa da Kano, sun amince da nauyinsa na kusan giram 28 da azurfarsa mai kashi 833 cikin 1,000, har ba su karɓar wanda aka sauya wa kama. Don haka bayan rasuwar sarauniyar aka ci gaba da buga shi da shekarar mutuwarta. Ostiriya ta daina ciniki da shi a 1858, amma bugu bai tsaya ba. Italiya ta buga nata a Roma daga 1935 domin yaƙin Habasha, Ingila ta bi sahu a Landan da Bombai, kuma har yau ana buga shi a Biyana.

Da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Da yawansu ba su tsira daga wutar maƙeran fari ba. Sun koma mundaye da zobba.

Mai son tantance nasa sai ya fara da sikeli, domin jabu kan gaza nauyi. Sannan ya duba gefe, inda aka zana kalmomin Latin masu nufin adalci da rangwame. Gane ainihin inda aka buga shi kuwa aikin gwanaye ne: a ƙwayoyin lu'ulu'un ƙugiyar kafaɗar sarauniya da gashin wutsiyar gaggafa suke neman bambancin.