Yadda Ake Zaɓar Jakar Kayan Gasar Tirayatalon

Gasar tirayatalon, wadda ta shiga wasannin Olamfik a shekarar 2000 a birnin Sidni, ta haɗa iyo na kilomita 1.5, da tseren keke na kilomita 40, da gudu na kilomita 10. Kowane mataki da kayansa, kuma wanda ya manta hular kwano doka ta hana shi hawa keke.

Abin fara dubawa a jakar shi ne aljihun ƙasa wanda ruwa ba ya ratsawa, domin kada jiƙaƙƙiyar rigar iyo ta ɓata takalma da waya. Ta goyo ta fi, tunda hannu na riƙe da keke. Mai cin lita 40 ta wadatar, muddin akwai maratayin hular a waje.