Daren Zango: Yadda Kakanninmu Suka Kwantar da Yara, daga Salaga zuwa Nima



In aka zauna ba da tarihin zangunanmu na ƙasar Gana, labarin rana aka saba ji: ayarin goro, madugai, kasuwar Salaga, manyan malamai da sarakunan zango. Dukansu maza ne, kuma duk a waje suke. Ba kasafai ake tambayar abin da ke gudana a cikin gida ba, bayan an sauke kaya, an ɗaure jakuna, an idar da sallar lisha. Alhali kuwa Hausar da ta rayu a bakinmu fiye da shekara ɗari cikin ƙasar da ba tata ba, rabinta a nan ta rayu. Kasuwa ta koya mana ƙirga da ciniki. Amma Hausar rarrashi, da ta tsoratar da yaro mai ƙiriniya, da ta yi masa addu'a, a kan tabarma muka same ta, tsakanin magariba da lokacin da barci ya sace mu.

Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sukan yi watanni a hanya. Su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron da ke fitowa daga dazuzzukan Tonawa. Akasarinsu maza ne, kuma waɗanda zama ya kama su a Salaga a nan suka yi aure. Wasu sun auri Gwanjawa, wasu Dagombawa. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba, amma faɗarsa ta fi ɓoye shi: Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma cikin kakanninmu mata akwai waɗanda ta wannan ƙofa suka shigo gidajen fatake. To, macen da ke goya yaro ta jijjiga shi har ya yi barci, ba lalle ba ne Hausa ce harshenta na fari. Sai dai gida ɗaya kan haɗa mata uku ko huɗu, kowacce da yarenta, kuma harshen maigida ne kaɗai ya haɗa su. Da shi suke rabon girki, da shi suke faɗa, da shi suke kiran yara in duhu ya yi. Wannan ne ya sa muke ganin Hausar zango tun asalinta a tsakar gida aka raine ta, kuma da yawa cikin waɗanda suka raine ta koyonta suka yi da girmansu.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan arewa ya yi rauni, hanyar goro ta fara karkata. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, mutane suka watsu. Wasu suka nufi Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka gangara Yeji da Atebubu da Kintampo. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, koko kuma ya fara kawo kuɗi, sai zangon Kumasi ya cika ya batse. A Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran babban birnin, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta biyo daga baya. Wanda ya gudu daga yaƙi ba ya ɗaukar gida a ka. Abin da ya biyo su ba tare da an ɗaure shi cikin kaya ba shi ne tsarin da suka saba bi in rana ta faɗi.

Tsarin yana farawa ne da magariba. Da zarar rana ta yi ja, sai a ji muryoyin mata suna kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ba a barin ƙaramin yaro a waje a wannan lokaci, domin tsofaffi na cewa sa'ar yawon iskoki ce, malamai kuma suna da hadisin da ya yi umarni a tsare yara in dare ya fara shigowa. A nan al'ada da addini ba su yi jayayya ba. Sai wanka, a shafe yaro da man kaɗanya, wanda arewacin ƙasar nan ba ta taɓa rasa shi ba. Sai tuwo: maigida da baƙinsa a zaure, mata a ciki, yara kuma a kewaye da akushi ɗaya, inda ake koyon abubuwan da ba a rubuta su a allo ba. A ci da hannun dama, a ci daga gabanka, kada ƙarami ya riga babba kai hannu ga nama. Waɗanda suka ɗan tasa su ɗauki allunansu su tafi karatun dare a hasken wutar kara ko fitilar aci-balbal. Ƙanana su ne ake bari wa tsohuwa.

Me ya sa tsohuwa, ba uwa ba? A al'adar Bahaushe jariri na kwana da uwarsa har zuwa yaye, wajen shekara biyu. Ranar yaye kuwa sai a ɗauke shi a kai wa kaka ko wata 'yar'uwa, ya yi kwanakinsa na kuka a can har ya manta da nono, kuma sau da yawa daga nan ɗakinta ya zama ɗakinsa. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Kaka ce ba ta da wannan takunkumi. Ita ce ke kiran jikanta namiji mijinta, ta kira jikarta kishiya, a yi ta tsokanar juna. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai tarar da wannan zama kamar a gidansu aka ɗauko shi. Bambancin zango shi ne kakar ta jini sau da yawa tana can Kano ko Katsina, ba za a sake ganinta ba. Sai kowace tsohuwa da ke gidan ta zama kakar kowa. Ɗan mai gida da ɗan mai haya, ɗan Bahaushe da ɗan Bazabarme da ɗan Mosi, duk tabarma ɗaya. Da yawa cikinmu sai da muka girma muka gane cewa wadda muke kira Kaka ko Hajiya Babba ba mu haɗa ko ɗigon jini da ita ba.

Ita kuwa ba ta fara tatsuniya a banza. Sai an taya ta tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa, sai an yi shiru. Wani lokaci ta fara da kacici-kacici don ta ga wanda idonsa biyu. Sannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo da matarsa Ƙoƙi, sai kura uwar kwaɗayi, sai Dodo a bakin rafi, sai marainiyar da kishiyar uwa ta aika wanke abin da ba ya wankuwa. A tsakiya akwai waƙa, yara na amsawa, kuma da amshin ne tsohuwa ke auna barci: in muryoyi biyar suka koma biyu, ta san ta kusa ƙurunƙus. Da rana an hana yin tatsuniya, aka ce mai yi zai ɓata. Mu dai muna zargin masu wannan doka aikin gida suke karewa, don yaron da ya zauna sauraron Gizo da hantsi ba zai ɗebo ruwa ba.

Akwai abin da ya kamata mu yi alfahari da shi, ko da yake kaɗan ne cikinmu suka san shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tatsuniyoyin Hausa a ƙasar nan aka tattara shi. Wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami, Baturen mulki R. S. Rattray ya juya su zuwa boko da Turanci, aka buga cikin juzu'i biyu a 1913. Abin ban sha'awa, malamai a da suna ɗaukar tatsuniya a matsayin hirar mata da yara, ba abin da za a ɓata wa tawada ba. Amma malamin da ya iya cika takardu da su, ai ya taɓa zama a gaban wata tsohuwa. Sunansa ya shiga littafi, nata bai shiga ba.

A nan ne kuma Gizo ya gamu da takwaransa. Tonawa suna da Ananse, shi ma gizo-gizo ne, mai wayo da haɗama, wanda dabararsa kan juyo ta cije shi. Su ma da dare suke ba da labarinsa, kuma sukan fara da gargaɗin cewa kada a ɗauki zancen da gaske, kamar yadda mu muke rufewa da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Yaron zangon Kumasi da ya ji Gizo a gida ya ji Ananse a wajen abokan wasa bai ga wani bambanci ba, kuma labaran sun yi ta tsallaka katanga ta kowane ɓangare. In wani ya ce mana tatsuniyar da ya ji a Aboabo ba haka ake yin ta a Kano ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba aibi ba ne.

Bayan ƙurunƙus sai addu'a. Tsohuwa ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a tafin hannu ta shafe yaro daga ka zuwa ƙafa. Wanda ya fara wayo a sa shi ya biya da bakinsa, ya kwanta ta gefen dama. Mai fitsarin kwance a tashe shi tsakar dare a kai shi bayan ɗaki yana tangaɗi. Yara maza in sun kai shekara bakwai ko takwas sai a mayar da su zaure, ko ɗakin samari, ko wajen malam.

Wannan tsari bai rushe rana ɗaya ba. Abin da ya fara cin sa shi ne matsi. Da birane suka cika, haya ta zama abin dogaro, sai aka riƙa yanka tsakar gida ana gina ɗakuna, zaure ya koma shago ko ɗakin haya, iyali guda suka dunƙule a ɗaki ɗaya da baranda. Rediyo ya shigo, kuma Hausa na cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa ke watsa shiri da su, ga kuma tashoshin waje da maigida ke kamawa da dare. Talabijin ya fara aiki a Gana a 1965, kodayake ya daɗe bai shiga yawancin gidajen zango ba. Gidan da ya samu kuwa, yaran unguwa kan cika tagarsa. Amma bugun da ya fi zafi shi ne na watan Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. An cika motoci da mutanen da wasunsu a nan aka haife su. Masu tarihi kan lissafa shaguna da gidajen da aka sayar da araha. Ba mu taɓa jin an lissafa tsofaffin da suka hau motocin nan da tatsuniyoyinsu a ka ba, suka bar gidajen da ba wanda ya gaje su. Abin da ya rage, kaset ɗin bidiyo ya rage shi, finafinan Indiya da na Kano suka karɓi hirar dare, sannan waya ta zo ta raba wa kowa nasa hasken.

Ba za mu ce komai na da ya fi na yanzu ba. Yaran da aka kwantar a kan tabarmar nan sauro ya cije su, zazzaɓi da ƙyanda sun ɗauke da yawa kafin su kai yaye. Uwar da ke sauke wa ɗanta gidan sauro yau ta fi kakarta kwanciyar rai. Kuma uwar da za ta tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora koko da ƙosai ko wake da shinkafa, ta shirya yara zuwa boko, su dawo su wuce makarantar allo, su zo da aikin gida na Turanci, ba wanda zai zarge ta in ta miƙa wa yaro waya don ta samu ya yi shiru. Addu'ar barci kuwa, alhamdu lillahi, tana nan a yawancin gidaje.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne harshen. Hausa ba ta mutu a zango ba, har ma waɗanda ba Hausawa ba sun rungume ta. Amma ta kasuwa ce ke yaɗuwa, ta ɗaka tana ƙanƙancewa. Sanannen abu ne cewa Hausarmu ta nan ta saki bambancin namiji da mace, har a ce "yarinya ya zo", 'yan'uwanmu na Kano su yi ta dariya. Duk da haka, tsohuwar da ke faɗin "ya zo" da rana, in ta zauna da dare "ga ta nan" take cewa, yara su amsa mata da "ta zo mu ji ta". Kalmomi irin su ƙorama da kurmi da gauraka da ɗan ɓaure, yaron Nima ba zai gamu da su a tasha ko a aji ba. A bakin mai tatsuniya kaɗai suke zaune.

Lokacin da aka yi fama da ɗauke wuta, wanda aka yi wa laƙabi da dumso, musamman a 2015, an ga wani abu a wasu gidaje. Talabijin ya mutu, wayoyi ba caji, zafi ya koro kowa waje, aka shimfiɗa tabarmi. Yara suka ce a ba su labari. Iyaye da yawa suka buɗe baki suka tarar farkon suke tunawa: Gizo ya tafi gidan sarki, sai me? Waƙar tsakiya ta ɓace, ƙarshen ya haɗe da na wata. Inda aka yi sa'a akwai tsohuwa a gidan, daga cikin ɗaki take gyara musu.

Irin waɗannan tsofaffi suna nan da saura a Sabon Zango da Aboabo da Tamale da Yendi da Salaga kanta. Wanda yake da ɗaya a gidansu, wayar nan da ke hannunsa tana ɗaukar murya. Ya bari sai bayan lisha, don da rana ba za ta yarda ba.