Gotthard: Dutsen da Aka Fasa Sau Uku

Akwai wani ƙauye mai suna Wassen a ƙasar Suwizalan, a kan tsohon layin dogon da ya ratsa tsaunukan Alps. Duk wanda ya biyo ta nan a jirgin ƙasa zai ga majami'ar ƙauyen sau uku. Da farko zai ɗaga kai ya hango ta can bisa tudu, jim kaɗan sai ga ta daura da tagarsa, an jima kuma ya leƙa ya gan ta a ƙasa. Baƙo sai ya zaci majami'u uku ya wuce, alhali guda ɗaya ce. Jirgin ne ke shiga cikin dutse ya kewayo ya fito, ya juya baya ya sake dawowa, don ya samu ya hau tudun a hankali.

Dalilin wannan kewaye-kewaye yana cikin halittar jirgin kansa. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe tana gungurawa cikin sauƙi, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan kayan da sai tireloli da dama za su ɗauka, da makamashi kaɗan. Amma wannan sulɓin ne kuma yake hana shi hawan tudu mai tsauri. A tsohon layin Gotthard, mafi tsananin hawa bai wuce mita 27 a cikin kowace kilomita ba. Za mu bi tarihin wannan hanya tun daga zamanin alfadarai, domin mu ga abin da ya sa har yau mafi yawan kayan da ke tsallaka tsaunukan Suwizalan a kan dogo suke tafiya, alhali a maƙwabtanta tirela ce ke cin kasuwa.

Zamanin alfadarai

Mashigin Gotthard yana da tsayin mita 2,106 daga saman teku, kuma shi ne gajeriyar hanya tsakanin ƙasashen Jamusawa a arewa da Italiya a kudu. Abin da ya daɗe yana tare mutane shi ne kwazazzabon Schöllenen, inda kogin Reuss ke ƙugi tsakanin bangaye biyu na dutse. Wajajen 1230 aka samu aka ɗora masa gada. Mutanen lardin Uri suna da tatsuniya a kan wannan gada, wai Shaiɗan ne ya gina musu ita bisa sharaɗin ran wanda ya fara tsallakawa nasa ne, su kuwa suka kora masa bunsuru. Ko ma dai wa ya gina ta, gadar ta buɗe hanyar fatauci. Shekaru ɗaruruwa mutanen kwarin suna cin abinci da dakon kaya a bayan alfadarai: cuku da dabbobi su yi kudu, shinkafa da siliki su yo arewa. Sai a 1830 aka kammala hanyar da keken doki ke iya bi.

Rami na farko

Da jirgin ƙasa ya game Turai, sai tsaunin ya zama katanga a tsakiyar kasuwa. Italiya ta sa farank miliyan 45, Jamus da Suwizalan kowacce ta sa miliyan 20, aka kafa kamfani ƙarƙashin jagorancin Alfred Escher, ɗan siyasa kuma ɗan kasuwar birnin Zurich. A 1872 wani ɗan kwangila daga Geneva, Louis Favre, ya karɓi aikin huda rami mai tsawon kilomita 15 daga Göschenen zuwa Airolo, ya sa hannu cewa zai gama cikin shekara takwas, in ya makara ya biya tara mai nauyi.

Wannan gaggawa a kan leburori ta ƙare, waɗanda akasarinsu talakawan Italiya ne. Suna aiki cikin zafi da ruwa da hayaƙin nakiya, suna kwana a cunkushe, tsutsar ciki ta yaɗu a tsakaninsu. A watan Yulin 1875 suka yi yajin aiki a Göschenen, aka turo masu bindiga suka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu. Lissafin hukuma ya ce ma'aikata 199 ne suka rasu a aikin ramin, ban da waɗanda suka koma gida da ciwo ya ƙarasa su a can. Shi kansa Favre bai ga ƙarshen aikin ba, domin a cikin ramin ya yanke jiki ya faɗi a watan Yulin 1879. Masu haƙa daga arewa da na kudu suka haɗu ranar 29 ga Fabrairun 1880, layin ya fara aiki a 1882. Tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i, sana'ar masu alfadarai da keken doki kuwa ta mutu murus.

Da kwal ya yanke

Jiragen farko da kwal suke tafiya, Suwizalan kuwa ba ta da kwal na kirki, daga waje take sayowa, musamman Jamus. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kwal ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, har aka rage zirga-zirgar jirage, wasu aka koma hura su da itace. Nan hukumar jiragen ƙasar ta waiwayi abin da Allah ya hore wa ƙasar, wato ruwan da ke gangarowa daga tsaunuka. Ta gina tashar lantarki ta Ritom a kudancin dutsen da ta Amsteg a arewacinsa. A 1920 jirage masu lantarki suka fara hawa Gotthard.

An ƙera wa layin wani dogon kan jirgi mai gaɓoɓi uku, wanda ke lanƙwasa a kwana, mutane suka laƙaba masa suna Kada. Abin sha'awa game da shi, idan yana gangarowa da kaya, injinansa kan juye su zama janareta, su riƙe jirgin kamar birki, su kuma mayar da wuta cikin waya don wani jirgin da ke hawa ya amfana. Tirela mai dizal idan tana gangara, duk ƙarfin da ta tara a birki yake ƙonewa ya bi iska. Zuwa 1960 kusan dukkan layukan hukumar sun koma lantarki. Ya kamata mu lura cewa a lokacin ba wanda ke zancen sauyin yanayi. Tsoron dogaro da makamashin wata ƙasa ne ya tura su, daga baya faɗuwa ta zo daidai da zama.

Zuwan tirela

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta karɓe zamani. A watan Satumban 1980 aka fasa dutsen karo na biyu, aka buɗe ramin mota mai tsawon kusan kilomita 17. A wajen bikin, ministan da ya wakilci gwamnati ya ba da tabbacin cewa ba don manyan motocin kaya aka yi ramin ba. Ba a daɗe ba tirelolin Jamus da Italiya da Holan suka yi masa tsinke.

Hayaƙin mota a kwari ba ɗaya yake da na fili ba. A lokacin sanyi iska mai ɗumi kan zauna a bisa mai sanyi kamar murfin tukunya, hayaƙin ya rasa mafita ya tsaya a kan gidaje. Ƙarar inji kuma tana dukan bangon dutse ta dawo, har wanda ke can saman tudu ba ya tsira. Kuma dazuzzukan da ke gefen tsaunin su ne ke tare wa ƙauyuka zaftarewar dusar ƙanƙara da duwatsu, don haka duk abin da ya taɓa lafiyar itatuwan ya taɓa rayukan mutane. Kayan da ke wucewa ba nasu ba ne, ribar ba tasu ba ce, ƙurar ce kawai rabonsu.

Ƙuri'ar 1994

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tsarin Suwizalan, idan 'yan ƙasa suka tara sa hannun mutum 100,000, suna iya tilasta a yi ƙuri'ar raba-gardama a kan gyaran kundin tsarin mulki. A 1989 wasu mazauna lardunan tsaunuka, irin su Uri da Valais da Ticino da Graubünden, suka fara tara sa hannu a kan buƙata biyu: kayan da ke ratsa ƙasar daga iyaka zuwa iyaka su koma kan dogo, sannan kada a ƙara faɗin hanyoyin motar da suka tsallaka Alps. Gwamnati ta ce a'a, majalisa ta ce a'a, saboda gudun ɓata wa Tarayyar Turai rai. Ranar 20 ga Fabrairun 1994 aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 52 cikin ɗari suka amince. A Uri, inda babbar hanyar ta bi ta bayan gidajen mutane, masu amincewa sun haura kashi 80.

Rubuta abu a kundi daban, aiwatar da shi daban. Tarayyar Turai ba za ta yarda a ware motocinta kaɗai a hana su wucewa ba, don haka aka bi ta aljihu. Daga 2001 kowace motar kaya da ta haura tan uku da rabi, ta gida ko ta waje, tana biyan haraji a kan kowace kilomitar da ta taka a ƙasar. Ana lissafa kuɗin ne da nauyin motar da nisan tafiyarta da yawan hayaƙin injinta. Kashi biyu cikin uku na kuɗin gwamnatin tarayya ke karɓa, kuma akasarinsa a aikin layin dogo take zuba shi. A nata ɓangaren, Suwizalan ta sassauta iyakar nauyin tirela daga tan 28 zuwa tan 40. Ta kuma riƙe tsohuwar dokarta ta hana manyan motoci tafiya da dare da ranar Lahadi. Doka ta sa iyaka: tireloli 650,000 a shekara, daga kimanin miliyan 1.4 da suka tsallaka a 2000.

A watan Oktoban 2001 tireloli biyu suka yi taho-mu-gama a cikin ramin motar Gotthard, wuta ta tashi, mutum 11 suka mutu, galibi saboda hayaƙi. Shekara biyu kafin nan gobara irin wannan ta ci rai 39 a ramin Mont Blanc tsakanin Faransa da Italiya. Daga nan masu gardama suka ragu.

Rami a gindin dutse

Tsohon layin 1882 ba zai iya ɗaukar kayan da ake so a ɗora masa ba. Sai jirgi ya hau har mita 1,151 kafin ya shiga ramin, kuma jirgi mai nauyi sai an ƙara masa kai na biyu, wani lokaci da na uku yana turawa ta baya. Maganin shi ne a daina hawa gaba ɗaya, a huda dutsen tun daga gindinsa. Masu zaɓe sun amince da shirin a 1992, suka amince da hanyar biyan kuɗinsa a 1998.

Sabon ramin ya tashi daga Erstfeld zuwa Bodio, kilomita 57, kuma shi ne ramin jirgin ƙasa mafi tsawo a duniya. Mafi tudunsa mita 549 ne kacal. A wasu wurare dutsen da ke bisansa ya kai kaurin mita 2,300, zafin cikinsa ya kai wajen digiri 45. An fitar da dutse tan miliyan 28, an kashe sama da farank biliyan 12, ma'aikata tara suka rasu. An buɗe shi ranar 1 ga Yunin 2016. Da aka gama ramin Ceneri a 2020, sai hanyar ta zama kusan shimfiɗaɗɗiya daga wannan gefen Alps zuwa wancan. Fasinja na ratsa dutsen cikin kimanin minti ashirin, kwantenoni da bayan tirela sukutum suna wucewa a kan taragai.

Da sauran rina a kaba

Yau kimanin kashi 70 cikin ɗari na kayan da ke tsallaka tsaunukan Suwizalan a jirgi suke tafiya. A mashigin Brenner na Ostiriya, inda shi ma akwai layin dogo tun 1867, tireloli sama da miliyan biyu ke wucewa duk shekara, jirgi kuwa rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dutsen ɗaya ne, fasahar ɗaya ce. Abin da Suwizalan ta ƙara shi ne harajin da ya sa tirela biyan ɓarnarta, da dokar da talakawa suka ƙaƙaba wa gwamnati.

Duk da haka ba a kai gaci ba. Tirelolin ba su taɓa saukowa ƙasa da 800,000 a shekara ba, balle a yi zancen 650,000. Layukan da ke kawo kaya daga Jamus ba a gama faɗaɗa su ba, kuma da dogo ya rufta a Rastatt a 2017, sai da babbar hanyar ta yi mako bakwai a rufe. A watan Agustan 2023 ƙafar wani tarago ta karye a cikin sabon ramin, jirgin kaya ya sauka daga dogo, gyara ya ci sama da shekara. Abin da ya fitar da ƙasar kunya shi ne tsohon layin Favre, wanda ba a tumɓuke ba. Jiragen fasinja suka koma kewaya majami'ar Wassen har zuwa Satumban 2024.

Mu ma mun taɓa samun jirgin tsauni. A 1914 wani siririn layin dogo daga Zariya ya hau tudun Jos har Bukuru don kwaso kuza, a 1927 babban layi ya iso daga Kafanchan, a 1957 aka rufe ƙaramin. Don ma'adini aka shimfiɗa su, ba a tambayi mutanen wurin ba ranar da aka kawo, ba a tambaye su ba ranar da aka ɗauke. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela mai lodi tana gangara Hawan Kibo, yana jin ƙaurin birkinta yana salati, ya san abin da mutanen Uri suka gani kafin su fita tara sa hannu.